Dutsen Pirin: Sun karanta takardar da ba a so su karanta

Mai karatu, bari in fara da tambaya: yaushe rabonka da ka zauna ka karanta wata takardar hukuma daga farko har ƙarshe? Ni kaina da nake karatun aikin jarida, sau da yawa kanun labari nake gani in wuce. Abin da ya faru a ƙasar Bulgeriya ne ya sa na ji kunyar wannan hali.

A kudu maso yammacin ƙasar akwai gandun dajin gwamnati mai suna Pirin, faɗinsa kimanin hekta 40,000. Cikinsa duwatsu ne masu tsawo, mafi tsayinsu shi ne Vihren mai mita 2,914, ga tafkuna, ga namun daji irin su beyar da kerkeci. Akwai ma wata bishiya da ake kira Baikushev, wadda masana suka ƙiyasta shekarunta sun kai 1,300. A 1983 hukumar UNESCO ta saka dajin cikin wuraren gado na duniya.

A gindin dutsen kuma akwai garin Bansko, inda Turawa ke tururuwa lokacin hunturu don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Wasan nan kuwa ba ya yiwuwa cikin kurmi. Sai an sare itatuwa an buɗe hanyoyin gangarowa, an kafa turakun ƙarfe da igiyoyin da ke ɗaukar mutane zuwa sama, an kuma janyo ruwa mai yawa don injinan da ke haɗa ƙanƙara idan ta sama ba ta wadata ba. Ɓarnar ta kai ga a 2010 UNESCO ta cire filayen wasan daga ainihin yankin gadon, ta mayar da su yankin gefe.

To, ranar 28 ga Disamba 2017, tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da hankalin jama'a ke kan biki, gwamnatin Firaminista Boyko Borisov ta yi wa tsarin kula da dajin kwaskwarima. Abin da aka faɗa wa jama'a shi ne ana son ƙara layi na biyu na kekunan igiya, saboda baƙi na shan dogon layi kafin su hau dutse. Magana mai daɗin ji, ko ba haka ba? Wa zai ƙi a rage layi?

Amma ƙungiyoyin kare muhalli, ciki har da WWF, ba su tsaya a jawabin minista ba. Sun ɗauko takardar kanta suka bi ta layi-layi, suka ce yadda aka rubuta ta, ta buɗe ƙofar yin gine-gine a kusan kashi 48 cikin ɗari na dajin. Gwamnati ta musanta, ta ce ita layi ɗaya take nufi. Su kuma suka ce ai ba niyya ake kai wa kotu ba, abin da aka rubuta shi ne doka, kuma minista na iya tafiya gobe ya bar takardar.

A Janairun 2018 dubban mutane suka fito titunan Sofiya da wasu biranen cikin tsananin sanyi, da yawansu matasa. Sun kuma iya zaɓen lokaci, domin a watan ne Bulgeriya ta karɓi shugabancin karɓa-karɓa na Tarayyar Turai, manyan baƙi da 'yan jaridar duniya duk suna gari. Mako bayan mako suna fitowa, a gefe guda kuma lauyoyi sun shigar da ƙara. A Janairun 2019 babbar kotun da ke duba matakan hukumomin gwamnati ta yanke hukuncin ƙarshe, ta soke kwaskwarimar, wadda aka yi ba tare da binciken illarta ga muhalli ba.

Kada in yi maka rashin adalci, mutanen Bansko su ma suna da hujja. Masu otal, direbobi, masu gidajen abinci, duk da baƙin nan suke ci, kuma sun yi nasu gangamin suna neman a yi layin. Wanda tukunyar gidansa ta dogara da hunturu, ba za ka zo daga babban birni ka yi masa wa'azin bishiya ya saurare ka cikin sauƙi ba. Ban ga laifinsu ba.

Duk da haka ina tare da masu zanga-zangar, kuma ga dalilina. Dajin na kowa ne, har da ɗan Bulgeriyan da ba a haifa ba tukuna, ribar kuma ta 'yan kaɗan ce. Idan kasuwa ta mutu, ana iya rufe otal ko a mayar da shi makaranta, amma kurmin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana girma, in aka sare shi, jikokinka ma ba za su ga irinsa ba. Ga kuma ɗumamar yanayi da ke rage ƙanƙara a duwatsun Turai, wato ana son sadaukar da abu mai ɗorewa saboda sana'ar da gobenta ke cikin shakka. Sannan in da gaske layi ɗaya ake so, me ya hana a rubuta layi ɗaya, a yi bincike, a kira jama'a su tofa albarkacin bakinsu? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Mu nan ba mu da dusar ƙanƙara, amma mun san yadda filin ƙwallon unguwa ke wayar gari an zuba masa bulo. Me muke yi? Mu hau Facebook mu yi kwana biyu muna Allah ya isa, a rana ta uku wani sabon zance ya ɗauke mu. Mutanen Pirin fa sun yi fiye da shekara guda a kan magana ɗaya, da kwali a hannu, da takarda a kotu.

Saboda haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, duk ranar da aka ce za a kawo ci gaba a wani fili na jama'a, kafin ka yi tafi ko ka yi zagi, nemi takardar. Ka tambayi hekta nawa ne, shekara nawa aka ba da wurin, wa zai amfana, kuma wa aka tuntuɓa. In Turancin ya yi maka nauyi, akwai ɗaliban shari'a a makarantarku, ka kai musu ku karanta tare.