Makarantar ƙasa da ƙasa ta gaskiya, a bakin iyaka ya kamata ta zauna

Jama'a, duk wanda ya zaga Katsina ko Kano ya ga allunan makarantun kuɗi masu ɗauke da kalmar "Intanashonal". Ka leƙa ciki, yaran duk 'yan unguwa ɗaya ne, harshe ɗaya ake koya musu, jarrabawa ɗaya suke zaunawa. Abin da ya zama na ƙasa da ƙasa a wurin kuɗin makaranta ne kawai. Akwai na gaske, irin makarantun da Turkawa suka fara buɗewa a Najeriya a 1998, amma ɗan talakan Mai'adua ko a mafarki bai taka ƙofarsu ba.

Ni kuwa ina ganin idan akwai garin da ya cancanci irin wannan makaranta a jihar Katsina, to namu ne. Daga nan zuwa Kwangwalam tafiyar 'yan mintoci ce, ka tsallaka ka kama hanyar Matamaye da Damagaram. Ranar kasuwa, ka tsaya a kara ka saurara: Hausa, Fulatanci, Buzanci, ga naira ga sefa suna canza hannu. Iyakar nan Ingila da Faransa suka shata ta tsakanin 1898 da 1906, ba su tambayi kowa ba, kuma har gobe ba ta hana auratayya ba.

Abin da ta raba shi ne karatun yaranmu. Ɗan ƙanwata ya gama firamare a can tsallake, da Faransanci. Da mahaifinsa ya rasu aka dawo da shi wurinmu, sai wata makaranta ta mayar da shi aji uku, cikin ƙannen bayansa, don ba ya jin Ingilishi. Yaron da ke yin lissafin raba dogo a ka! Wata shida ya daure, daga nan ya ce shi kam kasuwa za shi. Yau yana dako. Ban ga laifin malaman ba, ba su da tsarin da za su karɓe shi da shi. Kuma na san ba gidanmu kaɗai abin ya taɓa ba.

Matsalar a fili take. Mu muna bin tsarin shekara shida, uku, uku, mu ƙare da WAEC ko NECO. Su kuma suna bin tsarin Faransa, su yi BEPC sannan Bakaloriya. WAEC ta ƙasashe biyar ce masu Ingilishi: Najeriya, Gana, Saliyo, Laberiya da Gambiya. Wato takardar ɗanmu ta fi saurin karɓuwa a Banjul fiye da Damagaram da ke nan bayan gida.

Wani zai ce ai sabon abu ne. Ina! Tsangaya fa? Tun kafin zuwan Bature almajirai ke tasowa daga Damagaram da Maraɗi su zauna gaban malaman Kano da Zariya, namu kuma su yi gabas. Ba a tambayar kowa fasfo, allo ɗaya, tawada ɗaya. Iyayenmu sun riga mu gane cewa ilimi ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Ko a takarda ma ƙofa a buɗe take. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, sai dai cibiyar koyar da shi tana can Badagiri ta jihar Legas, mu da ke maƙwabtaka da masu harshen ko oho. A 2025 kuma Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ka ga ke nan gada ta samu: a fara da Hausar da kowa ke ji, a ɗora harsunan biyu a kai.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ware makarantun sakandare na musamman guda uku, a Raɗɗa, Jiƙamshi da Dumurkul ta shiyyarmu ta Daura. Mun yaba, ba mu da ƙyashin faɗin haka. Amma mu a wannan ɓangare na jam'iyya muna cewa kada ta Dumurkul ta tsaya a kyan gini. Muna neman abu uku. A koyar da Faransanci da gaske tun daga ajin farko, da ƙwararrun malamai. A buɗe ajin share fage na shekara ɗaya ga yaran da suka fara karatu a tsallake, don kada a riƙa mayar da su baya. Sannan a ware gurabe kaɗan ga yaran maƙwabta, bisa yarjejeniyar da za ta ba namu irin wannan dama a can. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan tun 1971, aikinta ke nan.

Na san abin da 'yan uwa za su ce: namu ma ba su da benci, za ka kwaso na wasu? Gaskiya ne, kuma ba mu janye kukan benci da ƙarancin malamai ba. Amma ku tuna rufe iyakar 2019 da na 2023, yadda kasuwa ta mutu murus, ga Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Gwamnatoci na ɓatawa su shirya, maƙwabtaka kuwa ba ta tashi. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa Daura. In ya fara aiki, wa za a ɗauka tafinta, akawu, jami'in kaya? Ɗan Mai'adua mai harshe uku, ko baƙo daga nesa, namu na tura baro?

Saboda haka duk mai neman ƙuri'armu, daga kansila har ɗan majalisa, ya zo da amsa a kan wannan, a rubuce. Buhun shinkafa mako biyu ne ya ƙare. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya.