Inna, ba ɗanki ba ne, layin Kebek ne

Wata tsohuwa a Filinge ta tare ni da ƙorafi: ɗanta na Kanada, a Montireyal, shekaru ke nan yana ce mata "takardunki na tafe", alhali ƙawarta ta Yamai, wadda ɗiyarta ke jihar Ontariyo, tuni ta tafi. Har ta fara zargin yaron.

Inna, ki yi haƙuri. Ƙasa ɗaya ce, amma layi biyu ne. Tun yarjejeniyar 1991, jihar Kebek, inda Montireyal take, ita ke tsai da adadin baƙin da za ta karɓa. A 2024, dosiyen ɗauko iyaye da kakanni na cin wajen shekara 2 a sauran jihohi, a Kebek kuwa kusan 4. A Yunin 2024 ma ta ƙayyade buƙatu 2,600 kacal na iyaye, kakanni da wasu dangi, har tsawon shekara 2. Mu kuma, saboda Faransanci, can ɗiyanmu suka fi nufa.

Ni dai a ganina wannan ba adalci ba ne. Shekara 4 wurin mai shekara 75 ba wasa ba ce.

Amma ku ƴan waje, ku faɗa wa tsofaffi gaskiya, ku bar "saura kaɗan". Kada a saida gona ko shanu biza ba ta fito ba. Ku duba bizar ziyara ta "super visa": tun 2022 tana ba iyaye zaman har shekara 5 a jere, in an biya asirans ta lafiya.

Allah ya sada mu da namu cikin rai.