Me Za A Fara Ajiye Wa Iyali Da Baƙi Ranar Layya?

Ga Babbar Salla ta matso, raguna sun fara cika bakin hanya a Aboabo da Asawase, kowane mai gida yana lissafin aljihunsa. Maganar kuɗin rago mun bar wa masu ita. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau ƙaramin abu ne ga ido, watau abin da a kan fara ajiyewa gaban iyali da baƙi bayan an sauko daga idi, kafin babban abinci ya sauka.

Dalilin maganar kuwa shi ne wani abu da muka gani da idonmu a Layyar 1445, watau 2024. Mun bi Malam gaisuwar Salla wani babban gida a nan zango. Gida ya cika, 'ya'ya da jikoki sun zo daga Ankara da Tamale, har da waɗanda ke zaune a Jamus. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo lemon kwalba da malta, aka biyo da tire cike da tsire, wanda a nan ake kira cincinga, ya sha yaji har ya yi ja, ga soyayyen nama yana ninƙaya cikin mai. Kowa ya ce madalla. Amma da muka duba sosai, mutum huɗu ba su miƙa hannu ba. Tsohuwar gidan ba ta da haƙoran tauna tsire. Ƙanen mai gida likita ya hana shi gishiri saboda hawan jini. Wata gwaggo mai ciwon sukari tana riƙe da kwalba, ta kasa sha, ta kasa mayarwa don kunya. Sa'an nan ga wani yaro ɗan shekara bakwai wanda uwarsa ta riƙe wa hannu, domin jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, yajin tsire kuwa da ƙuliƙuli ake yinsa. Muna ji tsohuwa tana cewa, "Ku ci, 'ya'yana, ni na ƙoshi." Alhali tun asuba ba ta sa kome a baki ba.

Mai gidan nan ba marowaci ba ne, ya kashe kuɗi mai yawa. Tunani ne kawai bai kai wurin ba, kuma lalle galibinmu haka muke yi.

To, ra'ayinmu shi ne, abin da za a fara kawowa ya zama wanda kowa da ke bisa tabarma zai iya ci, a dafa shi bisa gwargwadon mafi rauni a cikin jama'a. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu Musulmi. Duk wanda ya zauna gaban malamai ya ji labarin Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya yarda da shi, da ya tsawaita karatu a sallar lisha har wani ya fita daga sahu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa faɗa, ya kuma hori limamai su sassauta saboda tsoho da marar lafiya da mai uzuri da ke bayansu. In har salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, an ce a auna ta da ƙarfin mai rauni, ina ga akushi? Mai gida limamin tabarmarsa ne, ya kamata ya waiga ya ga su wa ke bayansa.

Abin da muke ba da shawara a kai shi ne romo, ruwa-ruwa, mai zafi, irin wanda maƙwabtanmu Tonawa ke kira nkrakra. A samu ƙashi da naman wuya, a dafa da albasa da tumatir da citta da 'yar tafarnuwa, a jefa gauta ta nuna a murje ta a ciki don ya yi ɗan kauri. A bar shi bisa wuta har nama ya saki ƙashi, yadda marar haƙori zai iya haɗiyewa ba wahala. Kitsen da ya taso sama a kwashe shi da ludayi. Kada gyaɗa ta kusanci tukunyar nan, ko ƙullunta, ko manta, ko ludayin da aka juya miyar gyaɗa da shi. Gishiri a sa kaɗan ƙwarai. Sa'an nan a jera ƙananan kwanoni a gefe, ɗaya gishiri, ɗaya barkono, ɗaya shito, ɗaya lemon tsami, mai so ya ƙara wa kwanonsa. Abin da aka rage a tukunya ana iya ƙara shi a kwano, amma wanda ya riga ya narke a tukunya ba mai iya tsamo shi.

Bari mu ɗan tsaya a kan gishiri, domin nan ne aka fi yin kuskure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da babban mutum zai ci a yini guda kada ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Matan gida da yawa su kan ce, "Ai ban sa gishiri ba, magi kawai na sa." Alhali babban abin da ke cikin ɗunƙulen magi gishiri ne. Haka kobi da momoni da naman gishiri da ake sayowa a kasuwa. Iyayenmu da daddawa suka yi miya, tana kuwa nan a kasuwar zango ba ta ƙare ba. Ita ke ba romo ƙanshi da daɗin da ake nema wurin magi.

Abin sha kuma, a fara da ruwa. Kwalbar lemo guda ta mililita 300 tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 8, malta ma ba ta bar ta a baya ba, ko da yake mutane na ɗaukarta kamar magani. In za a yi zoborodo ko lamurje, a ɗebi wani a ajiye gefe tun ba a zuba sukari ba, a faɗa da baki cewa ga marar sukari nan, don mai lalura ya ɗauka ba sai ya roƙa ba.

Mun san abin da wasu za su ce. Na farko, za a ce sunna ita ce ranar Layya mutum kada ya ci kome sai ya dawo daga idi ya ci daga abin da ya yanka, malamanmu na Malikiyya kuwa sun so a fara da hanta. Gaskiya ne, ba mu musanta ba. Amma wannan mustahabbi ne, wanda ya bari ba shi da zunubi. Ku lissafa sa'o'in: sai liman ya yanka kafin mu yanka, sa'an nan a nemi mai fiɗa, wanda ran nan gida goma ke jiransa, kafin hanta ta gasu rana ta kusa tsakiya. Mai ciwon sukari da ya sha ƙwaya ko ya yi allura da safe, ya zauna da yunwa har lokacin nan, sukarinsa na iya faɗuwa, jiri ya ɗebe shi a filin idi. Irin wannan ya karya kumallo a gida kafin ya fita, kada kowa ya sa masa ido. Ita hantar kuma, likitoci su kan hana mai ciki cinta saboda sinadarin bitamin A da ya yi yawa a cikinta, su kan kuma hana mai ciwon gaɓɓai irin wanda ke kumbura babban yatsan ƙafa. Saboda haka a gasa ta ba yaji, a yanka ƙanana a wani faranti dabam, mai lafiya ya ɗauki tsoka guda ya samu ladan sunna, a wuce ga romo. Gidan da fiɗa kan yi musu nisa, su dafa romon kaza tun daren jajibere.

Na biyu, za a ce wannan rowa ce, baƙo ya taso tun daga Tafo a tare shi da ruwan miya? Wa ya ce a tsaya nan? Tsire na nan tafe, wake da shinkafa na nan, tuwon zafi da miyar ayoyo na nan, mai ƙarfin ciki ya ci har ya ture. Mu dai kwanon farko muke roƙo, wanda ake yin bisimilla a kansa gaba ɗaya. In aka fara tare, wanda ya ja baya a kwano na biyu ba wanda zai lura, shi ma ba zai ji an ware shi ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damunmu, watau masu cewa ƙin gyaɗa iyayi ne na 'ya'yan Turai, a ɗan lasa wa yaro zai saba. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ɗan abin da ya maƙale a cokali na iya kumbura masa maƙogwaro cikin 'yan mintoci, numfashi ya gagara, a kwashe shi sai asibitin Komfo Anokye ranar da ya kamata a yini cikin murna. In uwa ta ce ɗanta ba ya cin abu, a gaskata ta. Kaka kuma, don Allah, kada ki faki ido ki tura wa jika ƙuliƙuli da sunan ƙauna.

Saura magana ga maza. Wannan aiki kada a jibga wa matan gida su kaɗai, ran nan hayaƙi da wanke-wanke sun ishe su. Mai gida shi ya san waɗanda ya gayyata. Kwana uku kafin Salla ya ɗauki waya ya tambayi kowane gida, akwai wanda likita ya hana wani abu? Ya rubuta, ya kai wa uwargida tun ba a je cefane ba. Tsofaffi su kan ji nauyin faɗa, sai a tambayi 'ya'yansu. Ƙungiya ma ta ɗauki wannan tsari a liyafar da za a yi a zauren masallaci washegarin Salla, saboda haka wanda ke da mai lalura a gidansa ya sanar da mu bayan sallar Juma'a mai zuwa, za mu riƙe sunan a asirce. Wassalam.

Magatakardan Liman, Kumasi.