Tsatsa a ƙananan jiragen sama: gara a feshe ciki da a ƙawata waje

Yau za mu ɗan ajiye batun waya, mu leƙa ƙananan jiragen sama, irin masu kujera biyu zuwa shida da mutum kan mallaka ko makarantar tuƙi ke koyarwa da su. Na san wani zai ce, malam ni ko keke ba ni da shi, ina ruwana da jirgi? Ka daure ka karanta, abin da ke cin fiffiken jirgi shi ke cin ramin cajin wayarka da ƙasan motarka.

Ra'ayina shi ne: mai jirgin da ya kashe maƙudan kuɗi kan sabon fenti da sababbin na'urori a gaban matuƙi, ya bar cikin fukafukai ba kariya daga tsatsa, ya sa kuɗinsa inda bai dace ba.

Mutane da yawa na ɗauka alminiyom ba ya tsatsa. Yana yi, sai dai ba ja yake yi kamar ƙarfe ba. Tasa fari-fari ce ko toka-toka, kamar an barbaɗa gari. Wani lokaci sai ka ga fenti ya kumbura, ko wasu siraran layuka sun bi ƙarƙashinsa kamar sawun tsutsa. Mafi muni ita ce wadda ke ci ta cikin ƙarfen, har ya fara ɓarewa falle-falle. Galibin jikin waɗannan jirage an yi shi da gaurayen alminiyom da ɗan tagulla, mai lamba 2024, don ƙarfi. Wannan tagullar ce ke sa shi saurin lalacewa, shi ya sa ake lulluɓe shi da siririn zallan alminiyom. Da zarar an karce wannan lulluɓin, ƙofa ta buɗe.

Abin da tsatsa ke nema kaɗan ne: danshi, iska, da ɗan gishiri ko datti. Idan kuma ƙarafa iri biyu suka haɗu, misali kusar ƙarfe a jikin alminiyom, ga ruwa a tsakani, sai wurin ya zama kamar ƙaramin batir, ɗaya yana cinye ɗaya. Jirgin da ya kwana a waje, raɓa kan taru a cikin fiffikensa, ta gangara ta maƙale a inda faranti ya hau kan faranti. Nan ido ba ya kaiwa.

Wanda ke ganin wasa ne, ya tuna 28 ga Afrilu 1988. Jirgin Boeing 737 na kamfanin Aloha ya tashi daga Hilo zuwa Honolulu a Hawai ta Amurka da mutum 95. Yana kan tsayin ƙafa 24,000 sai kusan ƙafa 18 na rufinsa ya yage. Ma'aikaciya ɗaya ta rasa ranta, matuƙan suka samu suka sauke shi a tsibirin Maui. Bincike ya nuna gajiyar ƙarfe da tsatsa a mahaɗar farantan jiki, a jirgin da ya shekara 19 yana aiki cikin iskar teku. Wannan babban jirgi ne na kamfani, mai injiniyoyi na dindindin. To ina ga ƙaramin jirgin da mai shi ke tunawa da shi sau ɗaya a wata?

Ga kuma shekaru. Cessna 172 ta fito tun 1956, an ƙera sama da 44,000, kuma da yawa daga cikin na shekarun 1960 da 1970 har yau suna tashi. A wancan lokacin da dama sun fito daga masana'anta ba tare da an shafa wa cikinsu fentin kariya ba, sai in mai saye ya biya ƙari.

Yadda aikin yake tafiya:

1. Dubawa tukuna. Injiniya mai lasisi zai buɗe ƙananan marafan da ke ƙasan fiffike da jela, ya leƙa da tocila da madubi ko siririyar kyamara. Wuraren da aka fi zargi: akwatin batir, ƙarƙashin daɓen ciki, hanyar da hayaƙin salansa ke bi, da inda tsuntsu ko ɓera ya yi sheƙa.

2. A cire tsatsar da aka gani. Ba a goge alminiyom da soson ƙarfe, domin ɓurɓushinsa zai maƙale ya haifar da sabuwa. Bayan gogewa sai a auna abin da ya rage, in ya yi siriri fiye da ƙa'idar kamfani, canji kawai.

3. A shafa sinadarin da ke gyara fuskar ƙarfen, kamar Alodine, sannan fentin farko.

4. Sai feshi. Ana amfani da mai na musamman irin su ACF-50, CorrosionX ko Boeshield T-9. Da iskar kwamfuresa da dogon siririn bututu ake hura shi cikin fiffike kamar hazo. Yana kutsawa cikin mahaɗai, ya kore ruwa, ya bar siririn shafi. Ana maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu, gwargwadon wurin da jirgin yake.

Masu ƙin feshin suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Man yakan yi watanni yana tsatsafowa ta bakin kusoshi, ya kama ƙura, jirgi ya yi baƙin zane-zane. Idan kuma ana shirin sabon fenti, zai hana shi kamawa, dole a jinkirta feshin. Amma ƙazantar da tsumma ke gogewa ba a haɗa ta da canjin ƙashin fiffike, aikin da a tsohon jirgi kuɗinsa kan kusa kai darajar jirgin gaba ɗaya. Inda na yarda da su ɗari bisa ɗari shi ne, feshi ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. Wanda ya fesa ba tare da dubawa ba, ya rufe ciwo ne kawai.

Mu a Arewa muna da ɗan sauƙi. Jirgin da ke Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi take tun 1964, bai kai na Legas ko Fatakwal shan iskar gishiri ba. Saboda bushewar iska ne ma Amurka ke ajiye dubban tsofaffin jiragen sojinta a Tucson, cikin hamadar Arizona. Amma kar a saki jiki: ƙurar hunturu tana taruwa a lungu, damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama taɓo mai riƙe danshi. Haka kuma injin da ya daɗe a ajiye yana tsatsa daga ciki, kuma kunna shi a ƙasa na minti goma bai isa ya ƙone ruwan da ke cikin mai ba, sai an tashi da shi.

Yanzu ga naka rabon. In za ka sayi motar da aka shigo da ita daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ka durƙusa ka duba ƙasanta kafin ƙyallin fenti ya ruɗe ka. In ruwa ko gumi ya shiga ramin cajin wayarka, kar ka jona ta sai ta bushe sarai, domin wuta da danshi tare su ke hanzarta tsatsa, irin kore-koren da kake gani a ciki. Kuma kar ka fesa mata WD-40. Gaskiya ne an ƙirƙiro shi a 1953 don hana jikin makami mai linzami na Atlas tsatsa, amma ba don allon waya aka yi shi ba.

Waye a cikinku ya taɓa sayen mota ko babur ya tarar tsatsa ta cinye ƙasansa? Ku faɗa mana a wajen sharhi yadda kuka gano, wani zai amfana.