Sabon Dije, Ɗaga Kai Ka Dubi Fili

'Yan'uwa ɗalibai, ina da ƙorafi a kan sababbin dije da suke cika mana dandali duk bikin ƙarshen zango. Yaro jiya ya sayi na'ura, yau ya kafa wa kwamfuta ido sai ka ce mai duba sakamakon jarrabawa. Tun waƙar farko ya ƙure murya, lasifika na kuka, jar fitila na ci, shi ko a jikinsa. Wai gwaninta ke nan!

Malam, wa ya ce maka kallon yatsunka muka zo? Kool Herc, wanda ya fara shirya rawa a unguwar Bronx ta Amurka a 1973, lura ya yi jama'a sun fi motsawa inda ganga ta rage ita kaɗai, sai ya sa faifai biyu iri ɗaya yana maimaita wurin. Ko mai kalangun ƙauyenku ƙafar 'yan mata yake kallo kafin ya sauya kiɗa.

Fara da sanyi, ka ɓoye waƙar da ake jira sai fili ya cika. In haɗi ya kuɓuce maka, kada ka tsaya ba da haƙuri, ci gaba, rabinmu ba mu ji ba. Sunanka kuwa, faɗi sau ɗaya ya ishe mu.