Maganin Gajiya da Yaron da Ke Jira a Ƙofa

A ɗakin bayar da magani na asibiti akwai wata buƙata da ba a cika ganinta a takardar likita ba. Bayan mutum ya karɓi abin da aka rubuta masa, sai ya matso kusa da taga, ya rage murya, ya ce: "Malam, ba ka da wani abu na gajiya?" Akasarin masu wannan tambaya magidanta ne da iyaye mata masu ƙananan yara. Idan hira ta yi nisa, labarin kusan ɗaya ne. Uba ya dawo gida da almuru, yaro ya rugo ya rungume masa ƙafa, shi kuwa ya ce masa ya tafi wajen uwarsa, ya kishingiɗa, ya ɗauki waya.

Ya kai mai karatu, ra'ayina shi ne wannan gajiyar tana cinye rabon ɗanka, kuma ƙwaya ba za ta mayar masa da shi ba. Haɗin da ake ƙullawa a kemis da sunan maganin gajiya yakan ƙunshi irin su diclofenac ko ibuprofen. Yawan shan su yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana kuma ƙara hawan jini. Wani lokaci a cusa tramadol a ciki, wanda ke kama mutum har ya kasa rabuwa da shi. Waɗannan suna danne ciwo na 'yan sa'o'i, amma ƙarfin jiki yana nan inda ka bar shi.

Yaro ƙarami da jikinsa yake neman ka. Yana so ka ɗaga shi sama, ka durƙusa ya hau bayanka, ka bi shi da gudu a tsakar gida. Ɗan shekara uku ya kai kusan kilo 14. Duk wanda numfashinsa ke sarƙewa in ya hau bene, ko bayansa ke amsawa in ya sunkuya, zai riƙa gudun wannan wasa ba tare da ya ankara ba. Yaron kuwa bai san ciwon baya ba. Abin da ya sani shi ne ya zo an kore shi. In hakan ya yawaita, wata rana zai daina zuwa ƙofar.

Motsa jiki a kai a kai yana ƙarfafa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, yana sa tsoka ta ƙone sukari yadda ya kamata, yana gyara barci, yana rage damuwa. Wanda ya yi barci mai kyau ya fi haƙurin amsa tambaya ta goma daga bakin ɗan shekara huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka a kwana biyu. Wato tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. A jagorarta ta 2019 kuma ta ce yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar minti 180 na motsi a yini, kallon allo kada ya wuce awa ɗaya. Ka ga wasan ƙwallo ko na ɓuya da za ku yi tare ya shiga lissafinka, ya shiga nasa.

Na san wani zai ce: ni lebura ne, yini nake ina ɗaukar kaya. Ke ma uwa za ki ce: tsakanin wanki, girki da goyo, wane motsi ya rage ban yi ba? Gaskiyarku ne. Ku abin da ya fi kamata ku nema shi ne isasshen barci, ruwa, abinci mai gina jiki, da maigidan da zai karɓi yaran na ɗan lokaci uwa ta huta. Wanda wannan magana ta fi shafa shi ne mai yini a kujerar ofis, ko a shago, ko a bayan sitiyari, wanda zama ne ya gajiyar da shi.

Gajiyar da ta ƙi tafiya bayan hutu kuwa sai an duba ta a asibiti. Ƙarancin jini, ciwon sukari da ciwon zuciya duk suna zuwa da ita. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai jego su nemi shawarar likita kafin su fara.

Ka fara da minti goma bayan sallar asuba, ka riƙa ƙarawa, domin sannu ba ta hana zuwa. Idan ka shigo gida kuma, ajiye wayar a ɗaki, ka zauna a tabarma daidai tsawon yaron, ka bari shi ya zaɓi wasan.