Rurin inji ba ya yanke farashi

Dillali a Abuja zai tayar da Mercedes C63 AMG ƙirar 2009, injin V8 mai lita 6.2 ya yi ruri, hankalin mai saye ya gushe. Amma motocin farko na wannan ƙirar sun yi ƙaurin suna wajen karyewar kusoshin kan inji, ruwa ya malala ciki, kuma gyaran ya fi ƙarfin bakaniken bakin titi.

Tokunbo, wato motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje kafin a shigo da su, da yawa daga gwanjon Copart na Amurka suke fitowa, bayan haɗari ko ambaliya, lambar shaidar mota ta VIN kuwa takan tona asirinsu. Don haka kamata ya yi mai saye ya fara zabtare kuɗin birki da tayoyi, ya lissafa fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun 2023, sannan ya yi tayi.